Jaririn da Aka Ɓoye Mana a Filin Kokawa

Ranakun aiki da yawa sun gudu daga kaina, ƙannena masu jinya, shekaru sun yi abinsu. Amma ban taɓa mantawa da ranar da aka miƙo mini jariri ɗan kwana ashirin da uku a filin kokawa ba, jikinsa zau kamar an ciro shi daga tanda. Tunda na ji an ce cikinku za a tura wasu fili bana, ku gyara zama in ba ku labarin. Ke mai latsa tarho, aje shi, ba inda za shi.

A shekarar, gasar kokawa ta ƙasa ta zagayo nan Agadas, cikin watan Disamba. Ga wanda bai san tsarin ba, kowace jaha tana kawo ƴan kokawarta, a yi wajen kwana goma ana karawa safe da yamma. Wanda ya faɗi sau ɗaya ya fita daga neman takobi, kyautar da ake ba zakaran gasar, ko da zai ci gaba da karawa don jaharsa. Idan aka kai kwana bakwai ko takwas sai ka ga waɗanda ba su faɗi ba sun rage ƴan kaɗan, to a nan ne gari ke haukacewa. A rufe shaguna, maƙera su kashe wuta, kowa ya nufi fili.

Ni a lokacin majo ce, wato shugabar masu jinya a wata ƙaramar likita, asibitin unguwa, cikin tsohon gari, shekarata ashirin da shida a sarwis. Aka ɗauko ni aka ɗora ni kan rumfar agaji ta fili. Ƙarƙashina akwai masu jinya biyu da ƴan agaji huɗu masu ɗaukar wanda ya ji ciwo. Sama da ni akwai Lokotoro, babban likitan da ke kula da lafiyar gasar baki ɗaya, shi mazauninsa tribin ne, rumfar manyan baƙi, tsakanina da shi sai tarho. Aka ba mu ambilans biyu. Ɗaya tamu ce, tana bakin rumfa. Ɗaya kuma an aje ta bayan tribin saboda manya.

Kayan da ke cikin akwatinmu duk na ƙatti ne. Ƙyallen ɗauri, katakon ɗaurin karaya, maganin shafa na targaɗe, manyan allurai, ledojin ƙarin ruwa. Wanda ya shirya akwatin ɗan kokawa ya gani a ransa, da ɗan kallon da ya faɗo daga katanga. Ni ma da na duba ban ga abin da ya rage ba, na sa hannu na karɓa.

Aikin fili, wallahi, ba na yi wa maƙiyina fatansa. Ƙarfe bakwai na safe kina tsaye, sanyi na cin yatsunki. Kafin azahar rana ta buɗe, siminti ya ɗau zafi, rigar da kika sa da safe ta zama azaba. Makaɗa ba sa hutawa, amsa-kuwa ba ta hutawa, ƴan cali-cali masu ba mutane dariya suna ta tsalle a gabanki ke kuwa ko murmushi ba ki da ƙarfinsa. Abincinmu na rana sai la'asar yake isowa, ya sandare. In na koma gida na ta da salla, gangar nan ce ke bugawa cikin kunnena har in sallame. Kwana uku kacal ƙafafuna suka kumbura, takalmina ya daina shiga, na koma sa na maigidana.

A rana ta uku ɗin ne mata masu goyo suka ishe ni. Ɗaya ta suma da ɗa a baya. Ɗaya kuma, da aka yi kaye jama'a suka zabura, wani ƙato ya kai wa ɗiyarta gwiwar hannu a ka. Allah ya kiyaye, ƙulu ne kawai ya fito, amma ni raina ya riga ya ɓaci. Kowace yamma bayan an tashi muna yin reniyo, taron shugabannin sassa, kowa ya faɗi matsalarsa. Da aka zo kaina na ce daga gobe duk mace mai goyo a mayar da ita daga ƙofa.

Shugaban masu tsaron ƙofa, Ajidan Musa, dattijo ne mai sanyin magana. Ya ce, "Majo, matan nan ba za su ji daɗi ba. Wasu ƴaƴansu ne ke karawa, wasu ƙannensu."

Na ce, "Ajidan, ban zo nan don a ji daɗina ba. Rigakafi ya fi magani. Ranar da aka tattake ɗan wani, ni za a tambaya, ba kai ba."

Lokotoro ya ce maganar Majo gaskiya ce, a yi haka. Ajidan ya sara, ya ce an gama.

Washegari da kaina na tsaya a ƙofar mata da farar rigata, don kada masu tsaro su yi sanyin hannu. Na mayar da mata sun fi goma. Wasu sun roƙe ni, wasu sun zage ni, ban ko ɗaga kai ba. Cikinsu har da Mariyama, wata yarinya mai sayar da dabino wadda a hannuna ta yi awon ciki, a hannuna ta haifi ɗiyarta wata huɗu kafin nan. Ta ce, "Haba Majo, ni ma?" Na ce, "Ke ma. Ke ce ma ya kamata ki fi kowa ji." Matan ba su koma gida ba. Suka samu inuwar katanga daga waje, kusa da ƙaramar ƙofa, suka shimfiɗa tabarmi, suna sauraren kokawar a rediyo, ihun fili na zubo musu ta sama.

Rana ta huɗu, ta biyar, ta shida, ta bakwai, ba a kawo mini jariri ko ɗaya ba. Kowace yamma ina rubutawa a rapor, rahoton aikinmu. Lokotoro har ya yabe ni gaban mutane, ni kuwa na ji kaina ya ƙara girma. Ban taɓa zama na tambayi kaina ba, a ce fili cike da dubban mutane, rabinsu mata, a garin da kowane gida da jariri, kuma a ce ba jariri ko ɗaya? Gajiya ba ta barin mutum ya yi irin wannan tambaya. Abin da ya rage mini aiki kawai nake gani.

Rana ta takwas ta kama Asabar. A cikin waɗanda ba su faɗi ba saura mutum ɗaya namu, wani matashi Alhusaini, ɗan unguwarmu ta tsohon gari. An sa karawarsa da safe, sai kuma aka ɗage ta zuwa yamma saboda manyan baƙi na son su gani. Ranar mutane tun ƙarfe tara suka cika fili. Da aka tashi karawar safe ba wanda ya motsa, don in ka fita ka rasa wurinka. Haka suka zauna cikin rana, kafaɗa da kafaɗa, har la'asar.

Wajen ƙarfe huɗu saura, wani ɗan kallo ya faɗo daga katanga ya karye a cinya. Muka ɗaure, na sa shi a ambilans ɗinmu da mai jinya ɗaya, suka tafi babban asibiti. Na dawo na zauna kan akwati, na cire takalmi ina matsa ƙafa. Amsa-kuwa ta kira sunan Alhusaini, fili ya ɗauka, har ƙarfen rumfarmu na rawa. Ban ko leƙa ba.

Cikin wannan ihun ne na ga wata tsohuwa tana gangarowa daga matattakalar mata, ana miƙa ta hannu zuwa hannu. Tana sanye da babban mayafi baƙi har ƙasa, ta rungume cikinta da hannu biyu. Na ɗauka ciwon ciki ne. Har na buɗe baki in ce a ba ta wuri ta kwanta, sai ta durƙusa gabana ta yaye mayafin.

Ta ce, "Majo, ɗiyata, dubo mini shi. Ya yi barci ya ƙi tashi."

Ta ɗaure shi a gaba, a kan cikinta, da zane. Da na kwance zanen sai ga bargo. Cikin bargon rigar ulu, ƙarƙashinta wata rigar ulu, ga hular ulu, ga safa hannu da ƙafa. Kun san yadda muke naɗe jarirai in sanyi ya shigo, to ita da asuba ta shirya shi, lokacin da ruwan randa ke yankan hannu. Yanzu kuma ƙarfe huɗu ne na yamma. Na tuɓe shi tsirara a kan cinyata. Jikinsa ja, ya saki, hannuwa na reto. Maɗigarsa ta faɗa, lebɓansa sun bushe, ƙunzugunsa a bushe ƙayau. Na sa ma'aunin zafi ya haura arba'in. Na murza tafin ƙafarsa da ƙarfi, ya ɗan yamutsa fuska, ko kuka bai yi ba.

Na ce, "Inna, ina uwarsa? Kira ta ta ba shi nono, maza!"

Ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Tana gida. Jego take, ba ta yi arba'in ba."

"Tun yaushe rabonsa da nono?"

"Tun da hantsi."

Innalillahi! Na ɗaga hannu, wallahi saura kaɗan in mari tsohuwar da ta isa ta haife ni. Na daka mata tsawa na ce wane irin rashin hankali ne wannan. Ina yi ina goga masa ruwa da auduga, mai jinyata na yi masa fifita da kwali, ita kuwa tana ba ni labari a gutsure, tana kuka.

Sunanta Inna Tima, ita ce uwar Alhusaini, jaririn kuma ɗansa ne na fari. Tun kafin a haife shi aka kwashe ƴan kokawa zuwa sansani, kuma malamin Alhusaini ya hana shi taka gidan jego, wai ƙarnin haihuwa na karya layu. Gida da sansani duk cikin gari ɗaya, amma har suna aka yi bai ga ɗansa ba. Marigayi mijinta shi ma ɗan kokawa ne a zamaninsa. Ranar da ya yi babban kayensa an miƙa masa Alhusaini yana jariri, ya ɗaga shi sama a tsakiyar fili, ya taka masa ƙafa a yashi. Abin da take so ta yi wa jikanta ke nan. Ta ce wa uwar za ta kai shi wurin malam a yi masa addu'a ta dawo, don a zatonta da safe za a yi karawar, sa'a guda ta isa. Ta zo da madarar akuya a ƴar kwalba, ya ƙi sha, kafin azahar ma ta yi tsami.

Na ce, "To da aka ɗage, me ya hana ki fita?"

Ta ce, "In na fita ba zan sake shigowa ba. Sau ɗaya Allah ya rufa mini asiri a ƙofa."

"Bai yi kuka ba?"

"Ya yi, har muryarsa ta dishe. Matan da ke kusa da ni suka matso suka kare ni, in mai tsaro ya zo wucewa su yi ta guɗa. Da ya yi shiru muka ce alhamdulillahi, ya samu barci."

Na ce, "Ga rumfar likita nan ƙasanku, taku ashirin! Cikinku ba mai hankalin da za ta ce a kawo shi mu duba?"

Ta ɗago ta dube ni, ba da faɗa ba. Ta ce, "Ai ku ne masu korar, Majo."

Ba ni da lokacin jin ciwon maganar, amma ta shiga, kuma har yau ba ta fita ba.

Yaron nan ruwa yake bukata, da sukari a jininsa, da gadon jarirai a asibiti. Na jawo akwati na zazzage. Allurar ƙarin ruwa mafi ƙanƙanta da muke da ita ta fi jijiyarsa kauri. Na kira Lokotoro a tarho, sai a kira na uku ya ɗauka, ina jin gangar da ke bayansa fiye da muryarsa.

Na ce, "Lokotoro, jariri ne ɗan sati uku, zafi ya buge shi, bai sha ba tun safe. Ina son ambilans ta biyu yanzu."

Ya ce, "Jariri? Ba mun hana ba?"

Na ce, "Mun hana. Ga shi nan a cinyata."

Bai ja magana ba, Allah ya saka masa. Ya sauko da kansa ya zagaya bayan tribin. Minti biyu ya kira ni. Motocin manyan baƙi sun kewaye ambilans gaba da baya, direbobin duk sun kulle sun shiga kallo. An yi ta kiransu a amsa-kuwa, wa zai ji, Alhusaini na tsakiyar fili yana kirari? Tamu kuma da na kira, direban ya ce sun sauke mai karaya, amma hanyar dawowa ta toshe da mutane da babura, ko keke ba ya wucewa.

Na lulluɓe yaron da farar rigata ita kaɗai, na ɗauki sirinji ba allura, na ce wa mai jinyata ta riƙe rumfa. Ba takalmi na fita, Inna Tima na bina. A ƙaramar ƙofa na iske Ajidan Musa. Ya dubi abin da ke hannuna, ya dube ni. Da ni ce shi, da na ce ai na faɗa miki. Bai ce ba. Ya ce, "Ba ni minti goma, Majo, in fiddo motarmu ta sintiri daga wancan gefe." Ya ruga, dattijo da tumbinsa.

Minti goma a wurin yaron nan ba kaɗan ba ne. Akwai mai shayi a bakin ƙofa, na karɓi tafasasshen ruwa da sukari, na yi ta juyawa tsakanin kofi biyu har ya huce. Na zauna a ƙasa na ɗiga masa a gefen baki, ɗigo ɗaya, in jira, ɗigo ɗaya. Na farko ya zubo. Na biyu ya zubo. A na huɗu ko na biyar na ga maƙogwaronsa ya motsa. Can sai ya buɗe baki ya juya kai wajen ƙirjina yana lalube. Ni da na yaye autana shekara goma sha biyar da suka wuce.

Da na ɗaga kai sai na ga an kewaye ni. Matan inuwar katanga ne, kowace da goyonta. Rediyonsu na can kan tabarma yana ta ihu shi kaɗai.

Littafinmu na aikin jinya bai yarda a ɗauki ɗan wata a ba wata ta shayar haka kawai ba, saboda cututtukan da kuka sani. Amma cikin fuskokin nan akwai wadda na san katinta na awo kamar tafin hannuna, ni na ɗebi jininta, ni na ba ta sakamako. Na ce, "Mariyama, don Allah."

Ta ce, "Majo, ni?"

Na ce, "Ke."

"Ni da kika ce in fi kowa ji?"

Na ce, "Ni na faɗa. Ki zage ni gobe, ki zage ni jibi, na yarda. Yanzu zo ki zauna."

Ba ta zauna nan take ba, kuma ban ga laifinta ba. Ta ce, "Kin san abin da kike roƙo? In ya sha nonona ya zama ƙanen ɗiyata har abada. Ban san gidansu ba. Ban tambayi maigidana ba."

Inna Tima ta rarrafo ta kama ƙafarta. Ta faɗi sunanta, da sunan mijinta marigayi, da zauren gidansu, da sunan uban yaron. Da matan suka ji ɗan Alhusaini ne sai aka ɗau salati. Wata babba a cikinsu ta ce, "Ke Mariyama, rai ake magana. Mijinki in ya yi faɗa ki turo shi wurina. Mu ne shaidu." Mariyama ta kwance goyonta ta miƙa wa ta kusa da ita, ta yi bisimilla, ta zauna a ƙasa ta karɓe shi. Matan suka juya baya suka buɗe mayafansu suka yi mana katanga.

Bai iya kamawa ba, ƙarfinsa bai kai ba. Na sa ta tatsa a kofin shayi, na ja a sirinji, na ci gaba da ɗigawa. Ina ƙirga numfashinsa, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. A cikin fili aka yi wani ihu mai tsawo, sai kuma aka yi tsit, irin tsit ɗin da ba a yi in naka ne ya yi kaye. Ba wadda ta juya cikinmu. Mariyama ta sake gwada shi a nono, ta matsa masa a leɓe. Ya lasa, ya saki, ya sake lasa. Sai ya kama. Na ga kumatunsa na motsi, na ji ƙaramin sautin haɗiya. Na zauna daɓas a cikin ƙasa.

Ajidan ya iso da motar sintiri. Muka hau baya, ni da Mariyama da yaron a ƙirjinta, da ɗiyarta, da Inna Tima. Shi ya sauka yana tafe a ƙasa gaban mota yana buɗe hanya da hannu har muka fita daga cunkoso. A hanya yaron ya saki nono ya tsala kuka, siririn kuka mai dishi-dishi. Ban taɓa jin daɗin kukan jariri irin na ranar ba.

A sashen jarirai suka karɓe shi, suka samu jijiya a bayan hannunsa, suka sa masa ruwa. Aka aika aka ɗauko uwar. Ta shigo gaban rigarta jiƙe sharkaf da nono, idanunta sun kumbura, ashe tun azahar take aika mutane gidan malamai ɗaya bayan ɗaya. Ta ga surukarta a rakuɓe a bakin ƙofa. Kun san tarbiyyar gidajenmu, ba ta ce mata komi ba. Ta durƙusa ta gaishe ta, sannan ta wuce wurin ɗanta. Gaisuwar nan ta fi mari, Inna Tima ta ja mayafi ta rufe fuska.

Akwai rajista da muke cikawa ga duk wanda ya zo rumfa: suna, abin da ya same shi, maganin da aka ba shi. A gurbin magani na rubuta ruwan sukari da nonon Mariyama, na sa sunan mijinta da unguwarsu, da sunayen mata biyu da suka shaida. Lokotoro da ya gani ya ce wannan ba maganar likita ba ce. Na ce a bar shi, nan da shekara ashirin wani zai zo neman aure, gara a samu inda aka rubuta.

Ana kiran magariba Alhusaini ya iso. An kayar da shi, takobi ya wuce shi. Ya zo da yashi a bayansa da gashinsa, layu da guraye har yanzu a damtse. Ya tsaya a ƙofar ɗakin, ya hango matarsa a ciki, ya kasa shiga. Na ce, "Malam, karawa ta ƙare. Me kuma ya rage da za a karya?" Sai ya kwance layun ɗaya bayan ɗaya ya zuba a cinyar uwarsa. Na sa ya wanke hannu. Gadajen jarirai shida ne a jere, matarsa kuma an zaunar da ita gefe tana tatsa. Ƙaton nan da fili guda ke kiran sunansa ɗazu ya bi gadajen da ido, ya dawo, ya matso kusa da ni ya rage murya.

Ya ce, "Majo, wanne ne nawa?"

Na kama hannunsa na kai shi. Ya daɗe tsaye yana kallon allurar da ke manne a ɗan hannun, bai taɓa shi ba, tsoro yake kada ya ji masa ciwo. Na fita na bar su. Kwana huɗu yaron ya yi aka sallame shi, lafiya lau, Allah ne ya yi da sauran kwanansa.

Washegarin ranar da abin ya faru, kafin a buɗe ƙofa, na sami Lokotoro da Ajidan na ce a janye dokar. Na sa aka shimfiɗa tabarmi a inuwar rumfarmu, aka aje randar ruwa, aka sanar a amsa-kuwa cewa duk mai goyo ta zo ta zauna kusa da mu, daga nan ma ana ganin fili. Saura kwana biyu a gama gasar. Ranar farko mace ɗaya ta zo, ta zauna a bakin tabarma, tana satar kallona kamar zan canza magana. Ranar ƙarshe suka zama uku. Sauran suna can sama cikin rana, kuma yanzu da idona ya buɗe ina ganinsu sarai, manyan mayafai da hannu biyu a rungume a ciki. Na yi ta hawa matattakala da kumburarrun ƙafafu ina bin su ɗaya ɗaya, ina cewa ba korarki zan yi ba, buɗe in ga fuskarsa kawai. Wasu su buɗe, wasu su rantse mini ba komi.

To ƙannena, ban ce fili wurin jariri ba ne. Har gobe in aka tambaye ni zan ce a bar shi gida da uwarsa. Amma mutanenmu za su zo da su, ko kun so ko kun ƙi, don kokawar nan tasu ce tun kafin a ɗinka farar riga. Akwai masu tsaro a ƙofa, kora aikinsu ne, an horar da su a kai. Ke aikinki shi ne ki zama wadda ake rugowa wurinta. Ranar da kika haɗa biyun, kin ɗauka kin rage wa kanki wahala, alhali marar lafiyar ne kawai ya daina zuwa inda za ki gan shi. Ni sai da na kusa kashe ɗan mutane na gane haka, da shekara ashirin da shida a sarwis.

Ku sa ƙananan allurai a akwati, ko ba a rubuta muku ba. Ku je ku duba inda aka aje ambilans kafin manya su iso. In kuma yamma ta yi kuka buɗe rajista kuka ga ba jariri ko ɗaya, kada wadda ta yi murna. Ta sa takalminta ta hau sama ta neme su.